Zauren Dada a Kan Faifai

Warin makuba nake fara tunawa. Ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa har ruwan ya yi baƙi, ya yi wani wari mai ɗaci-ɗaci da ke kama maƙogwaro, magina su kwaɓa ƙasa da shi su yaɓe bango don kada ruwan sama ya ci shi. A gidanmu na Ƙofar Durbi babu mai jiƙa shi sai kakata, ita ma ba a tukunya ba, a cikin gwangwanin madara. Idan iskar yamma ta kwaso warin nan ta gauraya shi da hayaƙin murhu, mun san Dada ta fito da kayan aikinta, mun kuma san yau akwai tatsuniya.

Dada ita ta haifi Babanmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa duk gida ake ce mini Ummi, ita kuwa ba ta kirana da komai sai Takwara. Mahaifinta magini ne, kuma tun tana yarinya take kwashe ragowar kwaɓinsa tana gina abin da ta gani. Sai dai ita ƙanana take yi. Takan gina tukunya da ba ta wuce ƙwayar gyaɗa ba, ta yi mata murfin da zai zauna daram. Takan yi turmi da taɓaryarsa, da tulu mai wuya, da rumbu mai 'yar ƙofa da ake buɗewa da bakin allura. Kayan aikin nata duka tsinken tsintsiya ne da allura da gashin zabuwa guda ɗaya. Ba ta taɓa gina abu mai rai ba. Yayata Bilki ta taɓa naci sai an yi mata akuya, Dada ta ce, "In na gina ta, wa zai ba ni ran da zan sa mata? Ga dai turke, ki je ki nemo akuyarki."

Da an idar da sallar isha'i, Mama ta kwashe tuwo, sai mu ja tabarma zuwa bakin murhu inda garwashi ya rage. Dada ta binne 'yan tukwanenta a cikin toka mai zafi don su gasu, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Ga wata nan tahe da ƙafarta." Mu ce, "Ta shigo, akwai wuri a tabarma." Bakinta yana labari, yatsunta suna murza yumɓu, ban taɓa ganin ɗaya ya jira ɗaya ba. Nakan kwanta da kaina a cinyarta ina kallon jan wuta a kan zobenta na azurfa, har in rasa ko muryarta nake bi ko motsin hannun.

Ina aji biyar na firamare Baba ya ce za a rushe zaure.

Ba wai ya ƙi zauren ba ne. Gara ta cinye azarar da ke riƙe da rufin, daminar da ta wuce ya yi ta yoyo, har wani ɓangaren yaɓe ya taɓa faɗowa daf da wani baƙo. Baba ya durƙusa a ƙofar ɗakin Dada ya yi mata bayani, ya ce magina za su zo nan da wata guda su tayar da na bulo. Mahaifin Dada ne ya gina zauren nan a shekarar da aka kawo ta gidan, kuma shi kaɗai ya rage a tsaye cikin duk abin da ya gina. Ginin ƙasa ne mai kauri, da zanko mai tsini kamar ƙaho a kowace kusurwa a sama. A ciki baka huɗu suka taso daga bango suka lanƙwasa suka haɗu a tsakiyar rufi, kuma tsakanin kowane baka da ɗan'uwansa an jera azara da wani salo daban. In ka kwanta rigingine kana kallo, sai ka ga kamar tabarmi huɗu aka shimfiɗa a sama, kowacce da saƙarta.

Dada ba ta yi musu ba. Ba ta kiran sunan Baba, shi ne ɗanta na fari, sai ta dubi gefe ta ce, "Allah ya sa alheri. Wata guda ka ce?"

"Wata guda, Dada."

Da ya tafi ta kira ni. "Takwara, idanunki lahiya suke?"

Na ce lafiya lau.

"To ara mini su. Nawa sun fara yi mini rowa, ko kafar allura ba sa nuna mini."

So take ta ɗauke zauren ta dawo da shi kan faifai kafin a rushe shi. Bilki ta ce a kira mai hoto mana, a huta. Dada ta ce hoto ba shi da ciki, ba ka iya zura yatsa ka taɓa rufinsa. Kuma dole mu gama tun zauren na tsaye, domin ita ba ta iya ganin jeren azarar nan daga ƙasa, ni ma ba zan iya riƙe salo huɗu a kai ba. Sai na je na kalla, in dawo in jera, in sake komawa.

Muka auna zauren da ƙafa. Duk taku ɗaya nawa, faɗin yatsa ɗaya a kan faifai. Dada ta murza tubali, kowane ɗaya kamar ƙwayar dawa, muka shanya su a ƙarƙashin gadonta. Ni ke ɗauka da tsinke in jera, ita ta bi da yatsa tana shafawa, in ta ji wani ya kauce ta ce, "Wanga ya fita sahu, maida shi." Sahu uku muke yi a rana mu tsaya, komai roƙona. Haka mahaifinta ke yi da babban gini, in ji ta, ya ɗora kaɗan ya bar shi ya sha iska, ya tafi wani aikin. Ina dawowa daga makaranta ko kayan ban cirewa sai na leƙa ƙarƙashin gado. Bango ya tashi a hankali har ya kai tsawon ɗan yatsana, da ƙofa biyu da dakali.

Sai muka zo kan baka. Shi ba a yinsa lokaci ɗaya. Ana kafa gutsattsarin tsinke a bango su ɗan leƙo ciki, a ɗaure su da zare, a lulluɓe da yumɓu, a bari ya bushe kwana biyu. Sannan a ɗora wasu a kansu su ƙara leƙowa, a sake jira. Hawa biyar ake yi kafin bakunan su haɗu a tsakiya. Ni kuwa gwanar lissafi ce a ajinmu. Na zauna na ƙirga: baka kaɗai kwana goma, ga jeren rufi, ga zanko, ga yaɓe, alhali kwana tara ya rage mana. Na faɗa wa Dada, ta ce ta ji.

Ran da muka kafa hawa na farko aka aiko an yi haihuwa a gidan ƙanwarta a Kambarawa, za ta je ta kwana biyu. Tana ɗaura mayafi ta ce mini, "Kada ki taɓa shi. Ki dai leƙa ki gaishe shi da safe."

Na yi niyyar bin maganarta, Allah ya sani. Amma da yamma na ga garwashi yana ta ci a banza, sai na ɗauko faifan na ajiye a gefen murhu. Kafin a jima yumɓun ya yi fari fat. Na ƙwanƙwasa da farce na ji tauri. Na ce ashe dama abin da sauƙi, tsofaffi ne dai ba sa son dabara. Na ɗora hawa na biyu, na gasa. Washegari na ɗora na uku da na huɗu. Bakunan suka miƙo hannu suna neman taɓa juna, ni kuma ina ta shirya yadda zan yi fuska in Dada ta fara yabona.

Ina cikin kafa na biyar na ji wata 'yar ƙara, kamar an taka busasshen ganye. Baka ɗaya ya sunkuyo, ya ja na kusa da shi, duka huɗun suka zube a tsakiyar faifai, suka tafi da rabin bangon gabas.

Bilki ta leƙo ta kan kafaɗata. "Sannu, injiniya. Kin rushe zaure tun kafin lebura su zo. Baba ya huta."



Da Dada ta dawo na kai mata faifan da hannu biyu, ina kuka mara sauti. Ta shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ɗauki wani guntun baka ta ɓalla shi biyu, ta kawo kusa da idonta. Bayansa fari, cikinsa baƙi jiƙe. Ta ajiye, ta ce in kawo mata ruwan alwala. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ma duka ta yi mini da ya fi mini sauƙi.

A daren nan ba ta binne komai a toka ba. Na zauna can ƙarshen tabarma, ta ce, "Takwara, cinyar tawa ta yi miki laifi ne?" Na matso. Sannan ta buɗe tatsuniya.

Wai an yi wata yarinya da mahaifiyarta, ba su da komai sai irin gero cikin tafin hannu ɗaya, kuma duk inda suka ɓoye shi ɓera sai ya gano. Yarinya ta ce za ta gina ɗan rumbun da ɓera ba zai iya shiga ba. Ta tafi wurin zanzaro, wanda gidansa na laka ya shekara bakwai manne a bango damina ba ta kayar da shi ba, ta ce ya koya mata. Zanzaro ya tashi ya je bakin rafi, ya ɗebo laka cikin baki ɗaya, ya manna, ya koma gefe ya zauna.

A nan Dada takan toshe hanci ta yi muryar zanzaro, siririya mai tsiwa. Yarinya ta ce, "Malam zanzaro, ba ka aiki ne?" Ya ce, "Aiki nake." Ta ce, "Wane aiki, kana zaune?" Ya ce, "Na yi nawa, yanzu laka ke yin nata. In na sa mata baki sai mu ɓata."

Yarinya ta ga wannan zama ba zai kai ta ba. Ta gina rumbunta a yini ɗaya, ta ɗauka ta kai wa rana, ta ce ta busar mata. Rana ta ce, "Ɗiyata, ni fuskar abu kawai nake gani. Abin da ke ciki, inuwa ke kai gare shi." Yarinya ta nace, rana ta busar mata. Rumbu ya yi fari gwanin kyau, ta zuba iri ta rufe. Cikin dare ya tsage, ɓera ya shiga ya cinye rabi.

"Dada," in ji Bilki, "yarinyar nan ba Ummi sunanta ba?"

"Ban tambaye ta ba. Amma ɓeran na san shi, da bakinki ya yi kama."

Muka yi dariya, har da ni da hawayena.

Yarinya ta koma wurin zanzaro da rabin irinta. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce ta ɗauki lakar ta kai leɓenta. "In ta yi miki sanyi, da sauran ruwa a cikinta, komai farin da ta yi. Ran da kika taɓa kika ji ba sanyi ba zafi, kamar kin taɓa hannun uwarki, to ta shirya ɗaukar kaya." Yarinya ta sake gini a inuwa, baki ɗaya na laka a rana, har ta gama. Ɓera ya zagaya ya zagaya ya haƙura. Da ruwa ya sauka suka shuka rabin tafin nan, kuma wai duk geron da ake ci a ƙasar daga shi ya fito.

"Nan na sauke ta," in ji Dada. "Mai so ya ɗauka."

Sai ta ciro guntun bakan nan daga bakin zanenta ta miƙo mini. Na kai leɓe. Sanyi ƙarara, kamar gefen randa. Ta miƙo mini wata tsohuwar 'yar tukunyarta, na taɓa, ban ji komai ba.

Na ce, "Amma Dada, saura kwana shida."

"To?"

"Ba za mu gama ba. Za a rushe."

"In an rushe an rushe. Da mi wanda ya zube a hannunki ya amfane mu? Mu dai za mu yi namu yadda ake yi. Inda muka kai, nan muka kai."

Da safe muka fara gyaran bangon gabas, sahu uku. Na daina ƙirga kwanaki, ba don hankalina ya kwanta ba, sai don ƙirgar tana sa ni gaggawa. Kullum kafin in tafi makaranta in jawo faifai in sunkuya in kai leɓe. In na ji sanyi in mayar da shi, ko da Dada ba ta ɗakin. Wannan mayarwar ita ce abu mafi wuya da na taɓa yi a lokacin.

Ranar da aka sa wa magina ta zo muna hawa na farko. Na tafi makaranta da tunanin zan dawo in tarar da fili. Na dawo na ga zaure a tsaye. Baba ya ce bulo bai gama bushewa ba, sai wani mako. Wani makon ya zo, ya ce babban maginin ya yi tafiya ƙauye. Na ɗauka sa'a ce, na yi ta godiya ga Allah, muka ci gaba.

Ba zan manta yammacin da bakunan suka haɗu ba. Na ɗora tsinke na ƙarshe a tsakiya, na ɗaure, na janye hannuna a hankali. Suka tsaya. Babu abin da ke riƙe da su sai junansu. Daga nan na shiga zirga-zirga tsakanin zaure da ɗakin Dada. In kwanta rigingine a kan dakali in haddace layi biyar na azara, in ruga in jera su da tsinken da na fere sirara kamar gashi, in koma. Kwana huɗu rufin ya ci, salo ɗaya a rana. Muka rufe sama, muka tayar da zanko huɗu. Dada ta jiƙa makuba sabuwa, ta ba ni gashin zabuwarta, wanda ba ta taɓa bari wani ya riƙe ba, na yi yaɓen da shi.

Da ya bushe ta ɗora faifan a cinya. Ta zura ƙaramin yatsanta ta ƙofa, ta juya shi sama, ta bi baka ɗaya tun daga bango har tsakiya, ta sauko ta ɗayan. Ta daɗe tana shafa jeren rufin, idonta a rufe.

"Haka Baffa ya bar shi," ta ce, don haka take kiran mahaifinta.

Ta aika aka kira matan maƙwabta. Kowacce ta sunkuya ta leƙa ta ƙofar tana salati. Wata ta ce, "Hajiya, hannunki dai bai tsufa ba." Dada ta ce, "Ni tubali kawai na murza. Takwarata ta ɗaure bakan ga. Jikar magina ce, ba a banza ba." Na sunkuyar da kai don kunya, amma ji nake kamar in na miƙe kaina zai taɓa rufi. Da Baba ya dawo daga ofis aka nuna masa. Ya leƙa, ya ce, "Madalla," ya wuce ɗakinsa. Na ɗan ji haushin gajartar maganar. Kwana biyu bayan haka lebura suka zo da diga. Dada ba ta fito ba ranar, ni ma na zauna tare da ita, faifan yana tsakaninmu.

Ina sakandare Allah ya yi mata rasuwa. Na yi karatu, na karanta littattafai da yawa da ke yabon haƙuri, amma kusan duka suna maganarsa kamar zama ne kawai a naɗe hannu. Wanda na koya a ƙarƙashin gadon Dada ba haka yake ba. Kullum sai ka je ka duba, kullum kana so amsar ta zama e, kuma in ta zama a'a ka yarda ka mayar. Har yau ina gina ƙananan abubuwa in na samu sarari, tsofaffin ƙofofi da rijiyoyi da ɗakunan da na ga ana shirin rushewa. Masu gani sukan tambaye ni yadda idona ke jure ƙanƙantar aikin. Nakan yi murmushi kawai, domin ba ido ne ke wahala ba. Na kuma lura ina yi wa mutane irin wannan awon, da rubutuna, da zuciyata ma in ta ce mini ta warke daga wani abu. Sau da yawa fuskar ta yi fari, cikin da saura.

Bara, ina goge kabad ɗin da ɗan zauren yake ciki, na ce wa Mama har yau ina mamakin sa'ar da muka yi, da bulo ya ƙi bushewa, magini kuma ya yi tafiya.

Mama ta dube ni ta yi dariya. "Wane bulo? Bulo yana jibge a bayan gida tun kafin wata ya cika. Magini kuma ba inda ya je, sau biyu yana zuwa da mutanensa Babanku yana mayar da su. Shi da kansa ya sa aka tokare rufin da itace ta baya don kada ya faɗo miki a ka."

Na ce, "Dada ce ta roƙe shi?"

"Dada? Ko kalma ba ta ce masa ba. Kullum in ya dawo masallaci da asuba sai ya tambaye ni, 'Ina suka kai?' Ai shi ma ta taɓa zaunar da shi ta koya masa yana yaro, kwana uku ya yi ya gudu wurin ƙwallo. Da maginin ya gaji ya ce, 'Alhaji, wai me ake jira ne?' ina bayan ƙofa ina ji. Babanku ya ce masa, 'Akwai magina biyu a cikin gida da suka riga ku kama aiki. Sai sun tashi.'"